Bayan Taron 10 ga Oktoba: Ina Za Mu Ce Wa Mutane Su Nufa?

Sakatariya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena, shugaban ƙungiyarmu ne ya umurce ni in buɗe wannan zance a nan zaurenmu, domin zaman da muka yi bayan taro ya watse ba tare da kowa ya faɗi abin da ke ransa ba, saboda magariba ta kawo jiki. Kamar yadda kuka sani, ranar 10 ga Oktoba, wadda duniya ta keɓe wa lafiyar ƙwaƙwalwa tun shekarar 1992, mun yi tattaki da safe, sannan aka gabatar da lacca a ɗakin taron da muka kama haya. Waɗanda suka yi jawabi sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai ni da na zauna a bakin ƙofa ina rubuta sunayen mahalarta, na lura cewa kusan duk wanda ya shigo na san shi, ko dai ɗalibi ne, ko ma'aikacin lafiya, ko kuma ɗan wata ƙungiya irin tamu.

Mutum ɗaya ne ya zo wanda ban sani ba, wani dattijo da ya ga rigunanmu a hanya ya biyo mu. Ya jira har aka watse, sannan ya tambaye ni inda zai kai ɗansa wanda ya shekara biyu ba ya fita daga ɗaki. Na ce masa Kware, wato Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke garin Kware kusa da Sakkwato. Ya ce wannan ya san shi tun kafin a haife ni, abin da yake tambaya shi ne ranar da ake ganin likita, da abin da zai riƙe a aljihu, da kuma yadda zai fitar da yaron daga gida ba tare da unguwa ta taru a kansu ba. Ko ɗaya ban iya amsawa ba, sai dai na karɓi kwatancen gidansa. Tun daga ranar abin yake damuna, shi ya sa nake roƙon kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, kafin mu fara shirin baɗi.

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Hajiya Sakatariya, tun da kin nemi gaskiya, ga ta. Lokacin da kuka wuce ta gefen kasuwa ina tsaye a ƙofar shagona, kuma maƙwabtana sun ɗauka 'yan siyasa ne suka fito, har wani yana tambaya ko za a raba atamfa. Ƙyallen da kuka ɗauko da Turanci aka rubuta shi, rigunan ma haka, kuma wanda ke riƙe da lasifika rabin maganarsa Turanci ce. Na ba da gudummawata da zuciya ɗaya kuma ban yi nadama ba, amma kuɗin da aka kashe wa riguna da hayar kujeru da sun isa a saya wa marasa lafiya da dama maganin wata guda. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Ɗalibin Likitanci:
Alhaji, ina girmama ra'ayinka, amma ina ganin bai kamata mu raina abin da aka yi ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma a Najeriya likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka fitar a farkon 2019 ya nuna kusan mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Matsala mai wannan girma ba ƙungiya ɗaya ce za ta magance ta da sayen magani ba, dole sai an ja hankalin hukuma, kuma hukuma ba ta jin raɗa, sai ta ga taro a kan titi.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, alƙalumanka daidai ne, amma dattijon da ya biyo 'yata Sakatariya bai zo neman alƙaluma ba. Na yi shekaru masu yawa ina aikin jinyar masu taɓin hankali kafin in ajiye aiki, kuma bari in gaya muku abin da ban ji ko mutum ɗaya ya faɗa a wurin laccar ba.

A Sakkwato kalmar Kware ta daɗe da zama abin zolaya. Yaro ya yi wauta, sai a ce da shi sai Kware, kamar yadda Kanawa ke cewa Dawanau. Saboda haka duk wanda aka ce masa ya kai ɗansa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, abin da yake ji shi ne an yanke wa gidansa hukunci, 'ya'yansa mata za su rasa manema, kuma za a riƙe yaron har abada. Mutane da yawa ba su san cewa mafi yawan masu zuwa irin wannan asibiti ba a kwantar da su ba, ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar, sai kuma ranar da aka ba su ta dawowa. Ba su san cewa akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan cikin gari ba. Wannan shi ne bayani na farko da ya kamata a ji daga bakinmu.

Na biyu shi ne yadda maganin kansa yake aiki, domin a nan ne muke rasa mafi yawan marasa lafiya. Maganin ciwon damuwa ba kamar na zazzaɓi ba ne, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin mutum ya fara jin sauƙi, sai iyali su ga an yi kwana goma babu canji su watsar. Wasu daga cikin tsofaffin magungunan taɓin hankali, waɗanda su ne masu araha, sukan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa karkarwa, yawu ya riƙa zuba, wani ma wuyansa ya karkace. Idan uwa ta ga haka sai ta ce asibiti ya ƙara lalata mata ɗa, alhali da ta koma an rage adadin maganin ko an haɗa masa da wani ƙaramin magani, da abin ya lafa. Wasu kuma da zarar mutum ya dawo hayyacinsa ya koma kasuwa, sai a ce ya warke a daina magani, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo fiye da da, sai a ce ai dama mun faɗa ba ciwon asibiti ba ne. Akwai ma allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya yarda ya sha ƙwaya kullum, amma mutum nawa ne suka san da ita? Ni dai da za a bi shawarata, waɗannan abubuwa su ne laccar gaba ɗaya.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Na so in yi shiru, amma tun da an ce kowa ya faɗi abin da ya gani, to ni na fita daga ɗakin taron nan kafin a rufe da addu'a, kuma ina so a san dalili. Ɗaya daga cikin masu jawabi ya kawo zancen rukiyya cikin sigar ba'a, ɗalibai suka yi ta dariya da tafi. Ni ban zargi niyyarsa ba, amma ina tambaya: wa yake ganin mutanen nan kafin ku? Idan mace ta fara surutai cikin dare, mijinta ba asibiti yake nufa ba, ƙofar zaurena yake ƙwanƙwasawa kafin asuba. Idan kuka mayar da mu abokan gaba, to kun rufe ƙofar da mara lafiya yake fara shiga.

Addininmu bai ce baƙin ciki raunin imani ba ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. A garin nan kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani, bai ga wani karo tsakaninsa da addini ba. Ni kaina idan aka kawo mini mutum na yi masa addu'a, na ga ya kwana uku bai runtsa ba, ko yana maganar kashe kansa, ko na ji warin abin da yake sha, ina gaya wa iyayensa su haɗa da asibiti. Amma ban san sunan wanda zan tura su wurinsa ba, ban kuma taɓa samun wanda ya zo ya koya mini alamomin da ya kamata in lura da su ba.

Ɗalibin Likitanci:
Allah ya gafarta Malam, ina cikin waɗanda suka yi dariya a ranar, kuma ina neman afuwa. Sai dai ina roƙon a yarda cewa ba duk masu wannan aiki ne irin Malam ba. A asibiti muna ganin waɗanda aka kawo da shatar bulala a bayansu, da waɗanda aka turara wa hayaƙi har ƙirjinsu ya kamu, bayan an ɓata shekara biyu ko uku ana yawo da su.

Yayar Mara Lafiya:
Ban taɓa yin magana a wannan zaure ba, karatu kawai nake yi, amma abin da ɗalibin nan ya faɗa, a gidanmu ya faru. Ƙanena ya fara ne da rashin barci da zargin cewa ana zuba masa wani abu a abinci, yana aji biyu a babbar makaranta. Kawunmu ya ce jifa ne, wata gwaggonmu ta ce iska ce, aka sayar da tumakin Inna aka yi ta yawo da shi. Daga ƙarshe aka kai shi wani gida a wajen gari, ba zan faɗi sunan wurin ko mai shi ba, aka ce mu bar shi wata shida kada kowa ya zo. Da na matsa na je bayan wata huɗu, na same shi da mari a ƙafa, idon sawunsa ya yi gyambo, ya rame har ban gane shi ba sai da ya kira sunana. A shekarar 2019 da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, Inna tana sauraren rediyo tana kuka, domin ta san abin da ake nufi.

Abin da nake so a fahimta shi ne, ba mugunta ce ta sa muka kai shi ba. Ya fara fasa kaya, mahaifinmu ya tsufa, maƙwabta suna ƙorafi, kuma mai gidan marin shi kaɗai ne ya ce ku kawo shi ni zan riƙe shi. Yau shekara huɗu ke nan ƙanena yana kan magani, yana ɗinki, ya yi aure. Amma duk wata sai na ware kuɗin maganinsa kafin kuɗin cefane, kuma watan da abin ya gagara nakan kwana ina kallon ƙofar ɗakinsa. Da a ce a wancan lokaci wani ya zo gidanmu ya zauna a tabarma ya yi wa Inna bayanin da Baba ya yi yanzu, da tumakinta suna nan, ƙafar ƙanena ma da babu tabo.

Malamin Zaure:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da alheri. Abin da aka yi wa ƙanenki zalunci ne, kuma babu wani nassi da ya halatta shi. Mara hankali ma an ɗauke masa alƙalami, to da wane dalili za a ɗora masa bulala?

Lauya:
Ina so in ƙara wani abu ta fuskar doka, domin a wurin laccar an ambaci sabuwar dokar a gurguje. Tun zamanin Turawa dokar da ake aiki da ita kan masu taɓin hankali ita ce ta mahaukata, wadda asalinta na 1916 ne, aka sake tsara ta a 1958, kuma manufarta tsare mutum ce ba warkar da shi ba. A watan Janairun 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbinta. Sabuwar dokar ta amince cewa mara lafiya yana da haƙƙi kamar kowa, ta hana a azabtar da shi ko a nuna masa wariya, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa wa wannan fanni. Amma doka a takarda daban, isarta ƙauye daban.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A dokar hukunta laifuffuka ta Final Kod da Arewa ta gada, sashe na 231, yunƙurin kashe kai laifi ne da zai iya jawo ɗaurin da ya kai shekara guda. Ku duba halin uban da ɗansa ya sha maganin ƙwari: ga kunyar unguwa, ga tsoron abin da malamai za su ce, ga kuma tsoron 'yan sanda. Sau da yawa sai a ɓoye, a ba shi manja ko madara a gida, ba za a kai shi asibiti ba sai abin ya ƙwace. Idan za mu yi magana da hukuma kamar yadda ɗalibinmu yake so, to wannan batu ne takamaimai da za a iya kai wa 'yan majalisa a rubuce, kuma ba ya buƙatar riga ko tattaki.

Ungozoma:
Duk abin da aka faɗa na yarda da shi, amma ku lura cewa har yanzu zancen maza ake yi, domin namiji ne ke fasa kaya har unguwa ta sani. Ciwon mace shiru yake yi. A ɗakin awo da ɗakin haihuwa nake aiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga wata lalura ta ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ni ban buƙaci a gaya mini ba, ina ganinsu. Mai jego ta daina cin abinci, ta zauna tana kallon bango, jariri yana kuka ba ta ɗauke shi ba. Idan haihuwar fari ce sai tsofaffi su yi murmushi su ce kunyar ɗan fari ce, yarinyar tana da tarbiyya. Wannan kyakkyawar al'ada tamu ta ɓoye ciwon mata da yawa, domin mai kunya takan kau da kai a gaban surukai amma ta rungume ɗanta idan an fita, ita kuwa mara lafiya ko ita kaɗai ce a ɗaki ba ta jin komai game da shi, kuma wannan rashin jin yana ƙara mata ganin kanta a matsayin muguwar uwa.

Akwai kuma nau'i mai tsanani, wanda yakan zo a cikin mako biyun farko, mace ta rikice, ta daina barci, ta riƙa jin muryoyi ko ta ce jaririn ba nata ba ne. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, domin ranta da na jaririn suna cikin haɗari, kuma yana jin magani sosai. Amma a lokacin tana ɗakin uwarta tana wankan jego, kuma babu wanda zai fitar da mai jego kafin arba'in sai da babban dalili.

Waɗannan mata ba za su taɓa zuwa ɗakin taro ba, ko da kyauta ake raba zinariya. Kuma abin mamaki, mu mutanen Sakkwato ba mu da uzurin cewa ba mu san hanya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta fuskanci wannan matsala kusan shekara 200 da suka wuce, matan aure a ƙauyuka ba za su iya zuwa makaranta ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta koyar da dattijai mata, ta naɗa su jaji, wato jagororin mata, ta ba su malfa, su ne suke shiga gida gida da karatun cikin waƙa. Mu ma muna da jajinmu: ungozomomin gargajiya, da masu wankan jego, da malaman Islamiyyar matan aure, da masu kitso. Mace 20 irin waɗannan idan suka san alamomi biyar, sun fi mana tattaki goma.

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya Ungozoma ta gama magana. Abin da zan ƙara shi ne batun kalma. Idan kuka ce lafiyar ƙwaƙwalwa, ɗan kasuwa yana jin ciwon kai ne ko ƙari a cikin kai. Idan kuka ce taɓin hankali, sai ya ce a'uzubillahi, ba a gidanmu ba. Amma na san mutane a layinmu da jarinsu ya karye, suna zuwa shago su zauna ba sa son magana da kowa, idan ka tambaya sai su ce tunani ne ya yi yawa, ko barci ne ba ya zuwa. Da wannan harshe ya kamata a fara.

Baba Mai Ritaya:
Gaskiya ne, Alhaji. A tsawon aikina da wuya ka ji mutum ya zo ya ce yana baƙin ciki. Cewa yake yi kansa yana zafi kamar an ɗora garwashi, ko wani abu yana yawo a jikinsa, ko zuciyarsa tana bugawa, ko jikinsa ya mutu. An yi masa maganin maleriya da taifod sau biyar kafin ya iso gare mu. Haka kuma a kula da farfaɗiya, domin mutanenmu suna haɗa ta da hauka, suna gudun yawun mai ita, alhali ba a ɗaukarta, kuma magani yana tsayar da ita ga mafi yawan masu ita.

Game da abin da Malam ya nema, ba sabon abu ba ne. A shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Duniya ta yaba wa tsarin. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 take da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane waɗannan cututtuka su fara kula da su, saboda ta san likitocin ba za su taɓa isa ba. Idan ƙungiya za ta shirya zama na yini ɗaya da malaman zaure, ni zan zo in yi bayani kyauta, da sharaɗin a yi shi a zaure a kan tabarma, kuma Malam ne zai gayyato 'yan'uwansa, domin ni idan na kira su ba za su zo ba.

Malamin Firamare:
Ina roƙon kada a manta da mu mutanen gabas. Ni daga yankin Sabon Birni na taso da iyalina, kuma akwai dubbanmu daga Isa da Rabah da Goronyo da muke zaune a gidajen 'yan'uwa ko a kangaye a gefen gari. A ajin da nake koyarwa yanzu akwai yaran da idan babura biyu suka wuce tare sai su shige ƙarƙashin benci. Akwai matar da aka karɓo bayan an biya kuɗin fansa, wata bakwai ke nan ba ta yarda a rufe ƙofa tana ciki. Mu ba mu kira wannan ciwo ba, muna cewa firgita ce, za ta wuce. Wata ta wuce, wata kuma ba ta wuce ba. Sai dai ina gargaɗi, duk wanda zai je wurin mutanen nan da bayani kawai, alhali ba su karya kumallo ba, za su saurare shi saboda kunya, amma hankalinsu yana kan ledar da ke hannunsa.

Ma'aji:
Na karanta komai, kuma aikina ne in faɗi abin da ba a son ji. Waɗanda suka ba mu gudummawa mafi tsoka bana sun ba mu ne saboda za a ga taro, a ɗauki hoto, a ambaci sunansu. Zaman zaure da ziyarar masu jego ba su da hoto, kuma bai ma dace a ɗauka ba. Idan muka soke tattaki gaba ɗaya, ina tsoron baɗi ba za mu sami ko kuɗin mai ba. Haka nan ina jan hankali kan sayen magani: ciwon nan ba na wata ɗaya ba ne, idan muka fara saya wa mutum muka tsaya a wata na uku, kamar yadda Baba ya bayyana, mun cuce shi fiye da wanda bai fara ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yayar Mara Lafiya:
Yaya Ma'aji, ban ce ku ɗauki nauyin maganin kowa ba, mu ma ba mu taɓa roƙo ba. Abin da ya fi ƙarfin iyali sau da yawa shi ne zuwan farko: wanda zai raka su, ya san ƙofar da za a shiga, ya san inda ake yankar kati, ya yi magana da ma'aikata idan uba ya ruɗe. Ni na san hanyar nan kamar tafin hannuna, kuma zan iya raka iyali ɗaya a kowane wata.

Ɗalibin Likitanci:
Har yanzu ina kan ra'ayina cewa kada a bar tattakin, domin ta dalilinsa ne dattijon nan ya gan mu. Amma na yarda a rubuta ƙyallen da Hausa da ajami, kuma ni da abokaina biyu za mu je Kware da Asibitin Koyarwa mu tambayo ranakun ganin likita da abin da sabon zuwa yake buƙata, mu kawo a rubuce a takarda ɗaya kafin ƙarshen wata, domin duk ɗan ƙungiya ya riƙe a aljihu.

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa:
Tattakin ne ya kawo shi, amma hannu wofi ya koma. Ni dai kuɗina na baɗi ba na riga ba ne, a rubuta wannan.

Sakatariya:
Na rubuta, Alhaji, kuma zan kai wa shugaba duk abin da aka faɗa, har da batun tattaki da ba a daidaita a kai ba, sai a yanke a zama na gaba. Amma dattijon nan ba zai jira zama na gaba ba, yau kwana tara ke nan da na ce masa za mu neme shi. Baba, ko za ka iya raka ni gidansa? Ni kaɗai ban san abin da zan ce wa yaron ba, ban ma san ko zai yarda ya ga mace ba.

Baba Mai Ritaya:
Zan je, 'yata, ranar Alhamis in Allah ya kai mu. Ki aika masa tun yau ya san da zuwanmu, kuma ki tambaye shi ko yaron yana cin abinci, ko ya taɓa maganar cutar da kansa, domin idan akwai wannan ba za mu jira Alhamis ba. Mu je bayan sallar asuba kafin unguwa ta tashi. Ke za ki shiga wurin mahaifiyarsa, ni zan zauna da uban a zaure, kuma wataƙila a zuwan farko ba za mu ga yaron ba sam, kada wannan ya dame ki. Kada ki sa rigar ƙungiya, kuma ki bar motar ofishinku a gida, za mu hau Keke Napep.